Rigar da Ba Ta Bushewa

Na ji abin da ɗayanku ya faɗa jiya a bakin ƙofa, ba sai na kama suna ba. Wai aikin Baba Inuwa ai shara ce da kaɗe ƙura, kowa aka miƙa wa tsumma zai iya. Ni ma haka na ɗauka ranar da aka kawo ni gidan nan. Amma tun da ƙungiyar unguwa ta ɗauke ku don ku riƙa zagayawa da baƙi, ku zauna ku ji, domin wata rana hannunku zai kai ga kayan nan, ni kuwa ba na nan.

Gidan nan da kuke kira mize, wato gidan tarihi, asalinsa gidan wani falken goro ne. Da zuriyarsa suka watse, wasu Duwala, wasu Garwa, sai dattawan unguwarmu ta Birik suka roƙa aka bar musu shi, suka ce a tara kayan iyaye a ciki kafin jikoki su sayar wa masu yawo da jaka. Ba mu kai babban mize na cikin gari ba, mai benaye da masu gadi. Ba mu kai na limaman coci da ke kan dutse ba, inda ake ajiye sassaƙen mutanen kurmi da na yamma. Mu ɗakuna uku ne da zaure. Baƙo yakan gama da waɗancan, ya biya wajen masu sayar da sassaƙa, sannan mai taksi ya sauke shi a Birik don ya ci soya, wato tsire. Yana goge yaji a baki sai wani ya nuna masa lungunmu. Haka muke samun yawancin baƙinmu, har yau.

Ni ɗinki na koya tun farko, aikin wuyan riga da aljihu, a layin teloli. Wanda ya janye ni daga can shi ne Baba Tanko, mai kula da kayan gidan nan na farko. Bakano ne, ya zo Yawunde da ƙuruciyarsa yana bugun riguna, bai koma ba. Ya ga ɗinkina a jikin wani, ya tambayi mai shi, ya zo har shago ya ce wa maigidana, "Ba ni yaron nan. Hannunsa ba ya gaggawa."

Aikin farko da ya ba ni ba aiki ba ne a idona. Ya ajiye mini malafa, da tsohon zane, da matashin fata, ya ce in sunsuna. Na sunsuna. Ya ce, "Me ka ji?" Na ce tsufa. Ya ce, "Tsufa ba wari ba ne. Sake." Haka muka yi ta yi har damina ta fita, ban taɓa allura ba. A hankali hancina ya buɗe. Fumfuna tana da warin ɗakin da aka rufe da jiƙaƙƙen buhu a ciki. Gara tana zuwa da warin sabuwar ƙasa. Asu, wato ɗan ƙwaron nan mai cin tufa, shi kusan ba shi da wari, sai dai wani gari-gari da yake bari a lanƙwasar zane. A garin nan da ruwa ba ya gajiya da sauka, in ka jira sai idonka ya ga ɓarna, to ka makara. Hanci ne kayan aikinka na farko.

Sauran kayan aikin ga su nan a kwandon nan. Gashin zabo na share saƙa, don buroshi yana jan zare. Allurai ƙanana da Baba Tanko ya lanƙwasa da kansa a kan garwashi, domin tsohuwar tufa ba a ɗaga ta a ɗinka, a kwance ake bin ta. Zare kuwa ba ma saya a kasuwa. Sabon zare ya fi tsohuwar saƙa ƙarfi, in ka sa shi sai ya yanka ta kamar reza. Daga tsummokin da suka yi shekaru ɗaya da abin muke warware shi. Ganyen darbejiya busasshe ana kawo mana daga arewa, da kanumfari, su ne ke korar ƙwari. Sai ƙananan tukwanen nan na gawayi da kuke turewa da ƙafa a kusurwa: su ke shan danshin ɗaki. Duk mako ana fitar da su rana.

Ya kuma koya mini abubuwan da ba na hannu ba. In za ka shiga ɗaki ka yi sallama, ko ba kowa. Kada ka sa tufar gidan nan a jikinka, ko da wasa, ko don a ɗauke ka hoto. Kada ka rataye riga, kada ka tsayar da ita. Na tambaye shi dalilin sallamar. Ya ce, "Kayan nan duk da masu su. Aro muka yi."

Akwai kalangun mahautan unguwar Etudi da ke ɗaki na biyu. Shi na fara gyarawa ni kaɗai. Tsarkiyarsa ta ruɓe, na sake ta da fatar akuya da na jiƙa na murza, na shafe da man kaɗe. Na gama na ajiye shi a kan kanta. Da rani ya shigo, wata rana da azahar ina ɗaki na farko, sai na ji tim, sau ɗaya, kamar an ɗora masa yatsa. Na leƙa, ba kowa. Baba Tanko ko kai bai ɗaga ba, ya ce fata ce ke ɗaurewa in iska ta bushe. Gaskiya ne, haka fata take. Za ku ji shi ku ma. In kuna tare da 'yan lekol, yaran makaranta, za su yi ihu su ruga waje, sai ku tattaro su ku yi musu bayani. Abin da ban taɓa yi wa kowa bayaninsa ba shi ne, ya fi yin haka ranar da aka yi rasuwa a cikin mahauta. Wataƙila ni ne nake lura da shi a ranakun kawai.

Baƙi iri-iri ne. Bature zai tambaye ka shekarun abu, ya nemi ya taɓa, wani ma ya ja ka gefe ya ce ko za a sayar. 'Yan lekol su nasu sauƙi, ka dai tsare musu hannu. Masu wuya su ne masu kayan. Akwai wani direban babbar mota da yakan zo duk sanda ya sauka gari, ya tsaya gaban zanen mahaifiyarsa, ya ce, "Baba Inuwa, buɗe mini kaɗan." In buɗe, ya sunkuya ya shaƙa, ya ce na gode, ya fita. Irin wannan ba a yi masa bayanin tarihi. Ka koma bakin ƙofa ka ba shi baya.

To, rigar da na tara ku don ita. Wani magidanci daga unguwar Madagaskar ne ya kawo ta a akwatin ƙarfe, lokacin Baba Tanko yana da rai. Ya ce ta kakansa ce, Bawa mai shanu. Muka ba shi tabarma, ya ƙi zama. Ya ce matarsa ce ba ta son akwatin a ɗaki. Ya ajiye ya tafi, bai sake waiwayarmu ba.

Muka shimfiɗa farin zane muka fito da ita. Saƙi ce, baƙa mai ɗigon fari, an yi mata aska takwas da zaren tsamiya, aikin da yanzu ba mai yin irinsa ko a Kano. Ban taɓa ganin kamarta ba. A kafaɗar hagu akwai wani ɗan faci da aka yi da baƙin zare, ɗinkin mace, ba na tela ba. Amma da hannuna ya kai ƙasan rigar sai na ji ta a jiƙe. Ba danshin Yawunde ba, jiƙa sosai, kamar yanzu aka fito da ita daga ruwa. Daga gindinta har daidai inda gwiwar mutum za ta kai. Daga nan zuwa sama a bushe ƙayau. Layin kuma a miƙe yake, gaba da baya.

Baba Tanko ya kama bakin rigar ya ɗora a harshe. Ya ce, "Kanwa. Masu shanu suna yawo da kanwa, ta shige cikin zare. Kanwa kuwa ruwan iska take ja."

Na ce, "To Baba, me ya sa ta tsaya a gwiwa?"

Ya ce, "Kai dai shanya."

Na shanya a inuwa. Na kewaye ta da gawayi. Na jira tsakiyar rani, lokacin da ko bangon gidan nan yake bushewa, na sake shanyawa. Ba ta bushe ba. Hancin da aka koya mini kuwa bai ji warin fumfuna a jikinta ba ko sau ɗaya. Warin kogi take yi, laka da ciyawar bakin ruwa. Daga ƙarshe Baba Tanko ya sa kafinta ya yi mata gado na sanduna, muka kwantar da ita a ɗaki na uku, iska na bi ta ƙarƙashi. Haka ta zauna har Allah ya yi masa rasuwa.

Bayansa ƙungiya ta kawo Madam Fadimatu ta riƙe gidan. 'Yar Ngaundere ce, ta yi karatun wannan aikin har ƙasar waje. Na ƙaru da ita ƙwarai. Ita ta kawo safar hannu, da akwatunan gilashin nan da take kira bitirin, da ɗan agogon da ke auna danshin ɗaki. Ita ta hana ni sa man kaɗe a kan kowace fata, ta nuna mini inda yake jawo ƙwari. Da ta ga rigar, ta auna, ta rubuta wa malamanta, suka ce batun kanwa daidai ne. Batun layin gwiwa kuwa ba su amsa ba.

Shugaban ƙungiya na lokacin, wani Alhaji mai son ci gaban gidan nan da gaske, shi ya je babban mize ya ga an sa wa mutum-mutumi tufafi. Ya dawo ya sayo ɗaya a wani shagon kaya na kasuwar Mokolo, ya ce a tsayar da rigar. Madam ta ce nauyinta zai yage kafaɗa. Ni na ce marigayi Baba Tanko ya hana. Ya ce, "Baƙo ba ya biyo lungu don ya ga wanki a kan gado. Mutum yake son gani." Madam ta cusa auduga a kafaɗun, muka sa wa mutum-mutumin rigar, muka naɗa rawani a inda kai yake, babu fuska.

Maganar Alhaji ta fito. Baƙi suka ƙaru, hoton rigar ya shiga wayoyi, har masu taksi suka san lungunmu. Amma tsofaffin unguwa suka daina shiga ɗaki na uku. Wani dattijon mahauci ya shiga sau ɗaya, na ji ya yi sallama, ya yi shiru yana jiran amsa, ya sake yi. Da ya fito ya ce mini, "Inuwa, wannan baƙon naku a tsaye zai kwana?" Rigar ta fara ɗiga, muka sa tasa a ƙarƙashi. Sannan ga juyawa. Mukan fuskantar da mutum-mutumin ga masu kallo, bayan 'yan kwanaki mu tarar ya karkata wajen taga, wadda ke kallon hanya. Madam ta aro ma'aunin magina, ta gano daɓen ɗakin a gangare yake, manyan motoci kuma suna girgiza gidan in sun wuce. Muka sa masa katako a gindi. Juyawar ta ragu. Ba ta daina ba.

Muguwar shekara a aikin nan ita ce shekarar korona. Aka rufe mize-mize duka, manya da ƙanana. Alhaji ya je arewa ganin gida, dokar zaman gida ta kama shi a can. Damina kuma ta zo da ƙarfi, kwanon ɗaki na farko ya ɓule, ba mai hawa ya gyara. Ɗaki in ba a shiga ana fita, iska ba ta motsi, fumfuna sai ta samu gari. Ni kaɗai nake zuwa da hantsi in buɗe tagogi, in fitar da gawayi, in juya kaya. Ban isa ba. Matasan fata suka yi fari fat kamar an barbaɗa musu gari. Gara ta hau ta cikin bango ta cinye sirdin da ke kusurwa, na taɓa shi hannuna ya shige. Tabarmin aure, da takalman fatake, da faifan da wata tsohuwa ta saƙa da hannunta, duk na kwashe su a buhu na kai bola. Wanda bai ga wannan ba ba zai san amfanin tukunyar gawayi ba.

A cikin wannan hali mai shayin da ke tsallaken lungu ya kira ni wata safiya. Ya ce, "Baba, wa kake bari a ciki in ka kulle?" Na ce ba kowa. Ya ce jiya da rana tsaka ya ga mutum ta tsakanin katakon taga, da rawani, yana kallon hanya. Na buɗe na shiga. Mutum-mutumin ya juyo gaba ɗaya, ƙirjinsa na fuskantar tagar. A watannin nan kuwa babbar mota ba ta bin hanyar. Tasar ta cika har ta zuba.

Ranar ina cikin goge ruwan na ji ana buga ƙofar zaure da sanda. Wata tsohuwa ce, ta tsufa ƙwarai, ta ranƙwafa, takunkumi a rataye a haɓarta. Mai moto, wato ɗan acaba, ya sauke ta ya koma gefe yana jira. Na ce, "Goggo, a rufe muke." Ta ce, "Na sani. Ni ce Asabe, daga unguwar Elig-Edzoa. Jikata ta nuna mini wani hoto a waya. An ce babana yana nan."

Na riƙe ta muka shiga a hankali. A ƙofar ɗaki na uku ta saki hannuna. Hasken tagar na bayansa, ba ka ganin komai sai tsayin mutum da faɗin riga. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta durƙusa, da ƙyar, irin durƙuson da 'ya'ya mata suke yi a da, ta ce, "Baba, sannu da hanya."

Na kawo mata kujera, ta ƙi, ta zauna a ƙasa. Ta nuna kafaɗar hagu da sandarta. "Facin can Inna ce ta yi shi. Ina zaune ina riƙe mata zare."

Na ce, "Goggo, me ya same shi?"

Ta ce, "Ina famfarar haƙori lokacin. Ya taso da shanu daga arewa, tafiyar watanni. Da suka iso kogin Sanaga, ranar ƙetarewa, sai ya ciro rigar nan ya sa, don ya shigo gari da ita. Ana cikin ƙetarewa wata saniya ta juya a tsakiyar ruwa. Ya shiga har gwiwa yana kiranta, ta ƙi. Sai ya tuɓe rigar ya miƙa wa abokin tafiyarsa, ya ce, riƙe mini, yanzu zan fito." Ta dubi bakin rigar. "Rigar aka kawo mana. Inna ta hana a yi zaman makoki. Ta ce mutumin da ya ce yanzu zai fito ba a yi masa sadaka. Har ta mutu ba a yi ba. Ni kuma na ɗauka rigar ta ɓata a ƙaura. Ashe ɗan ƙanena ne ya kawo muku ita."

Ta ɗaga kai ta dube shi, sannan ta dube ni. "Ɗana, tun yaushe yake tsaye?"

Na ce an daɗe.

Ta ce, "Ku kwantar da shi. Ya gaji."

Na kira Madam a waya, ta hau moto ta zo. Ta gaishe da Goggo da Fulatanci, ta zauna kusa da ita ta ji labarin daga farko. Sannan ta tashi ta duba kafaɗun rigar, ta kira ni ta nuna mini: zaren ya fara buɗewa a bayan wuya. Na ce mata a hankali, "Alhaji ba ya nan. In ya dawo bai tarar da ita a tsaye ba, ke zai fara nema." Ta sa safar hannunta, ta ce, "Ni zan amsa masa. Kawo farin zane."

Cire babbar riga daga jikin mutum-mutumi aikin mutum huɗu ne, mu kuwa mu biyu ne. Ba a jan ta sama ta kai. Kwantar da shi ake yi da ita a jikinsa, sannan a zare shi ta ƙasa. Na warware rawanin. Na rungumi ƙirjin, Madam ta kama gindi, muka karkato shi. Abin roba ne, da hannu ɗaya nake ɗaukarsa ranar da aka kawo shi. Ranar nan sai da gwiwata ta kai ƙasa. Madam tana haki ta ce, "Malam Inuwa, saki hannun rigar, kana ja."

Na ce, "Madam, hannuwana biyu suna ƙirji."

Muka kai shi ƙasa a kan zanen. Na koma wajen ƙafa na zare robar a hankali, tana tallafe da wuyan, har ta fita duka na jingine ta a bango.

Rigar ba ta kwanta ba. Robar ta fita, amma ƙirjin yana nan a tashe, da kafaɗu, da tudun ciki, kamar mai ita yana ciki. Mu uku muna kallo. Tufa mai kauri takan riƙe iska, na sani, na sha gani. Amma ban taɓa ganin ta riƙe haka ba. Can sai ta fara sauka, daga ciki zuwa ƙirji, iskar tana fita ta wuya da wani dogon sauti, irin na wanda ya sauke kaya daga kai. Warin kogi ya cika ɗakin. Sannan ta kwanta shamal.

Goggo ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta matso da gwiwa, ta kama hannun dama ta miƙar da shi a gefe, ta kama na hagu ta miƙar, ta ja bakin zanen ta rufe har wuya.

Limamin unguwa ya ce ba a yi wa riga sallah, amma za a yi wa mai ita addu'a. Washegari da hantsi ya zo da dattawa kaɗan, suka tsaya nesa-nesa da juna a ƙofar zaure kamar yadda aka umarta a lokacin, aka yi wa Bawa addu'a da sunansa. Goggo ta kawo gumba da masa aka raba wa mutanen lungu. Mai shayi ya karɓi nasa da hannu biyu.

Kafin mako ya zagayo rigar ta bushe. Na taɓa gindinta na ji shi ƙayau kamar sama. Da ta bushe kuma sai ta fara mutuwa. Kanwar ta riga ta cinye zaren tuntuni, ruwan ne yake riƙe da shi. Ƙyallayen saƙar suka rabu ɗaya bayan ɗaya, in ka ɗaga sai ya zube a hannunka kamar toka. Na gwada allurar Baba Tanko mafi siriri, ba inda za ta kama. Madam ta gwada nata dabarun. Abin da ya tsira shi ne aljihun da aikin askar, don zaren tsamiya ya riƙe kansa, da ɗan facin kafaɗa.

Goggo ta zo ta naɗe sauran a farin zanen, ta tafi da shi da facin. Ban tambaye ta inda ta kai ba. Aljihun kuwa ta tura mini shi da sandarta. Ta ce, "Wannan ku riƙe, mutane su ga irin rigar da ya so ya shigo gari da ita. Amma a kwance. Kuma duk wanda zai nuna shi, ya faɗi sunansa, ya ce Allah ya jiƙansa. Ya daɗe ba a ce masa ba."

Da Alhaji ya dawo ya yi faɗa sosai, har aka kira taro a kan Madam. Ta tsaya ta faɗi abin da ta yi, ba ta sa sunana ba. Dattawan da suka ci gumbar suka goyi bayanta, aka bar ta a kan aikinta, amma Alhaji ya ajiye shugabanci. Baƙi sun ragu bayan an buɗe, har yau ba su koma kamar da ba. Wasu sukan zo da hoton a waya su tambaya, in suka ga ƙyalle a cikin gilashi sai su juya. Goggo Asabe ta ƙara shekara biyu ko uku. Takan zo jefi-jefi, ta zauna a bayan baƙi a bakin ƙofar ɗakin, in na yi addu'ar ta amsa. Daga baya jikarta ta aiko mana cewa ta rasu.

Gobe ku za ku fara shiga da baƙi ɗaki na uku. Bitirin na tsakiya, shi ne. Ku faɗi irin saƙar, ku nuna askar, ku faɗi yadda ake samun zaren tsamiya. Sannan ku ce ta Bawa mai shanu ce, Allah ya jiƙansa. Da Hausa za ku faɗa, ko da bayanin duka da Faransanci kuka yi, kuma da murya, ba a ciki ba. Wata rana baƙin naku duk Turawa ne, ko 'yan lekol na kudu waɗanda ba su san abin da ake amsawa ba. Za ku faɗa, ɗakin ya yi tsit. In kuka ji an ce amin daga bakin ƙofa, a hankali, da muryar tsohuwa, kada ku waiwaya, kada ku tsaya ƙirga baƙinku. Ku ɗan dakata ta gama, sannan ku wuce da su wajen tukwane.